Agwagwar Babanmu Ta Daina Karkata

Anti Marjorie, don Allah ki taimake ni, zargi na neman raba ni da yayana.

Babanmu mafarauci ne a nan bakin ruwan Chesapeake, a Amurka. Da ya rasu ya bar mana agwagin katako, irin waɗanda ake jerawa a ruwa don na gaske su gani su sauka. A da a murhu ake jefa tsofaffinsu, yanzu kuwa masu tara kayan tarihi sun haukace, guda sai ta yi kuɗin mota. Ni ɗaya tak na ɗauka, wadda kakanmu ya sassaƙa. Tun ina yarinya in an sa ta a ruwa hagu take karkata, har Baba yana ce mata mashayiya.

Watan jiya Yaya Delbert ya are ta, wai zai nuna wa wani masani. Ya dawo da ita, fentin shi ne, tabon harsashin shi ne, har tambarin da Baba ya ƙona mata a ciki. Amma zuciyata ta ƙi. Na cika bahon wanka na sa ta. Anti, zama ta yi daram. Na kuma san akwai masu sassaƙa sabuwa, su harbe ta, su binne a laka ta tsufa. Ga jirginsa na kamun ƙaguwa da ya shekara a kife, ya gyaru. Da me? Ranar Lahadi muna cin abinci ko idona ya ƙi kallo. Raina a ɓace yake.

Mai zargi

'Yar'uwa, bahon wanka ba kotu ba ne. Dalmar da ake liƙa mata a ƙarƙashi don nauyi ce ke sa ta karkata, kuma mai karambani na iya gyara mata zama. Wataƙila kunyar hakan ce ta hana yayanki kallonki. Amma ba zan ce mafarki kike ba, tsadar nan ta sa mutanen kirki sun yi abin kunya.

Dillalan gaskiya kan ɗauki agwagwa hoto irin na karaya, in ta asali ce tsofaffin ƙusoshin da ke cikinta su fito. Kafin nan, same shi a jirginsa, ku biyu, ki ce masa mashayiya ta daina karkata, sai ki yi shiru ki saurara. In ya sayar, ana iya bin sawunta. In kuwa kika kira shi ɓarawo gaban iyalinsa, hoto ya zo ya wanke shi, agwagwar na hannunki amma ba ki da wa.

Allah ya daidaita tsakaninku.