Ni na tura binciken yayata ga mujallar bogi

Anti Hidaya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni kafin ranar Lahadi.

Shekarata goma sha shida, a Madina aka haife ni, muna zaune a Bani Harisa. Ki yi haƙuri da Hausata, a littattafan soyayya da nake karantawa a waya na koyi rubuta ta. A gida ko da Hausa aka yi mini magana, yawanci da Larabci nake amsawa, in ma na amsa ke nan, don ba ni da baki a cikin mutane.

Yaya Suhaila ita ce babbarmu. Aikinta a mustashfa, wato asibiti, shi ne auna yadda ƙwaƙwalwar mutum take aiki. In mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko ya bugu a ka, ko tsufa ya fara sa shi mantuwa, ita ake kawo wa, ta zauna da shi awa biyu ko uku tana yi masa tambayoyi, tana sa shi zane da tuna kalmomi, har ta gano inda matsalar take. Abu ɗaya ya daɗe yana ci mata rai. Tsofaffinmu in aka gwada su da Larabcin littafi sai su faɗi, a rubuta cewa sun ruɗe, alhali ƙalau suke, harshen ne ba nasu ba. Shi ya sa ta yi shekara uku tana haɗa gwajin da Hausa. Gida-gida ta bi, daga unguwarmu har Uhudu, ta gwada tsofaffi tamanin da 'yan kai. Kakarmu Hajiya Ƙaltume ce ta farko, har yau tana yi mata gori wai ita ta tuna kalmomin gwajin, ludayi da faifai da maburgi duka, jikar ce ta manta inda ta ajiye biro.

Yanzu Yaya tana shirin jarrabawar tabbatar da ƙwarewa, wadda suke kira bod. Ta ci ta rubutu bara, saura ta baki nan da sati uku. Tun da ta shiga karatu ba ta da lokacin kowa, ni ta bar wa kwamfutarta ina buga mata takardu. Rannan bayan la'asar ina cikin bugawa sai saƙo ya shigo imel ɗinta. Anti, ban taɓa ganin an yabi mutum haka ba. Wata mujallar kimiyya ce, wai sun daɗe suna bibiyar aikinta, hasken iliminta ya burge su, fitowarsu ta gaba ba za ta cika ba sai da sunanta, suna jiran amsarta da ɗoki. Sau huɗu na karanta. Na tuna yadda take shigowa fuska a murtuke duk lokacin da babbar mujallar da ta kai wa aikin ta dawo mata da shi, a gyara kaza, a sake kaza, wata takwas ana abu ɗaya. Na ce a raina ga waɗanda suka san darajarta sun zo da ƙafarsu. Har na hango ta tana buɗe shafin tana rungume ni.

Na latsa inda suka ce a latsa, na ɗora binciken, na amince da duk abin da suka ce a amince. A wurin tuntuɓa na sa imel ɗina, na goge nasu saƙon daga nata, don abin ya zo mata ba zato.

Cikin kwana huɗu suka buga. Ko sunanta ba su rubuta daidai ba, jadawali ɗaya a kife yake, kuma maƙalar da ke kusa da tata kan kiwon kifi take. Ashe ba wanda ya karanta. Ashe irin saƙon nan dubu-dubu suke watsawa, suna kawai suke canjawa. Na rubuta musu a ɓoye na ce su cire, kuskure ne, ni yarinya ce, suka ce sai an biya su kuɗin bugawa da na cirewa. Ta yaya mutum zai zauna ya buɗe mujalla don kawai ya ci gumin wasu? Tsofaffin nan sun ba da lokacinsu, biyu sun rasu kafin a gama, kuma Yaya ta yi musu alkawarin likitoci za su karanta. Wane likita ne zai je nema kusa da kifi?

Babbar mujallar ta gano, ta rubuto cewa tunda an buga aikin a wani wuri sun janye. Shugaban sashensu kuma ya ce ba zai sa hannu a takardar da za ta shiga jarrabawa da ita ba sai an san yadda aka yi. Shi ma haushinsa nake ji. Shekara shida tana aiki a gabansa bai san halinta ba?

Ga abin da ya fi damuna. Yaya ta ɗora zargi kan Dakta Mu'azzam, abokin aikinta, don shi kaɗai ta ba kwafi ya duba mata, kuma sun taɓa saɓawa kan sunan wa zai zo a farko. Mutumin kirki ne, da aka kwantar da Hajiya kullum sai ya leƙo ta. Ni a raina na riga na aurar da su, har kayan da zan sa na zaɓa, ko da yake ba wanda ya taɓa cewa komai. Yanzu ta daina gaishe shi, ta rubuta ƙorafi a kansa, ranar Lahadi za ta miƙa. Ni ta ba in buga mata. Yana nan cikin jakar makarantata.

In na faɗa ba za ta ƙara kallona ba. Kuma ita ma da ta taɓa zaunar da ni ta ce akwai irin waɗannan mujallu ai da ban yi ba, kullum sai dai buga wannan, kawo shayi. Ba yadda za a yi a kama ɓarayin nan a cire aikin ba tare da sunana ya fito ba?

Taki,
Mai Kunyar Bani Harisa

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Babu. Na so in ce miki akwai, amma babu.

Fushinki da mutanen nan daidai ne, ni ma da na karanta raina ya ɓaci. Tarkonsu ya kama manyan malamai masu furfura, balle ke. Kuma ƙauna ce ta sa ki, wannan a fili yake. Sai dai kin buɗe saƙon da ba naki ba, kin sa hannu da sunan wata, kin goge sawu. Yanzu kuma kina raba haushi, na mujalla, na shugaban sashe, na yayarki, duk don kada ki kalli takardar da ke cikin jakarki. Shugaban sashen aikinsa yake yi. Yayarki tana da nata laifin, bai kamata ta bar akwatin aikinta a buɗe ba, kuma bai kamata ta tuhumi mutum ba hujja ba. Amma hujjar tana hannunki, ke kika hana ta.

In ƙorafin nan ya shiga ranar Lahadi, za a ɓata sunan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Za a yi bincike, imel ɗinki za a gani, sai ya zama yayarki ta yi ƙazafi a rubuce ana saura kwanaki ta shiga jarrabawa. Wannan ya fi mujallar bogi illa gare ta.

Ki faɗa mata yau. In bakinki ba zai iya ba, ki rubuta, na ga alƙalaminki ba ya jin kunya. Ki sa Hajiya Ƙaltume ta zauna kusa. Kada ki fara da yadda aka yaudare ki, ki fara da abin da kika yi. Ki ba ta duk saƙonnin da kuka yi da mujallar, da kwanan watansu, kada ki goge ko ɗaya, kada kuma ki sake rubuta musu ko ki tura musu komai.

Da waɗannan za ta iya zuwa wurin shugaban sashe ta nuna ba da saninta aka tura ba. Za ta iya rubuta wa mujallar da sunanta cewa ba ta ba da izini ba, su janye, ta kuma bayyana wa editan babbar mujallar yadda aka yi. Wasu editocin suna saurare in an zo musu da shaida, wasu ba sa yi, don haka ban yi miki alkawari ba. Jarrabawar ce na fi sa rai za a ceto, in kin yi sauri.

Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta yi miki magana. Ki jure, kada ki bi ta da kuka ta koma lallashinki, karatu ne a gabanta. Dakta Mu'azzam kuwa ku biyu yake bin ban haƙuri, maganar aure ki bar wa masu ita.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran yayarki, ya ba ta sa'ar jarrabawa. Tashi ki je.

Anti Hidaya