Hannu Biyu a Kan Tebur

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ni dai ga ni nan. Waldar manyan motoci ta cinye mini ido, hawan jini kuma ya cinye abin da ya saura. Likita ya ce in rage fushi. Na so in tambaye shi a wane kanti ake sayar da ragin, maganar ta maƙale, na karɓi ƙwayoyina na fito.

Ɗana Mai-sunan-Baba ya iso ranar Talata. Yaya, tun daga nesa na gane shi a tasha. Marigayi Baba ne sak: tsayin, faɗin kafaɗar, har jijiyar nan ta goshi. Shekara goma sha shida rabona da shi, amma ko cikin mutum dubu zan tsamo shi. Da ya buɗe baki zai gaishe ni sai na ji abin da nake tsoro. In'inar gidanmu ce, ba ragi. Kalmar Baba ta tsaya masa a leɓe, ni kuma na kasa jira, na fizge jakarsa na yi gaba.

Kin san yadda abin yake a wurinmu. Magana ta maƙale, ƙirji ya cika, hannu ya ƙarasa abin da baki ya kasa. Haka Baba ya yi da mu, haka na yi da ƙofar ɗakin uwar yaron nan har ta ɗauke shi ta tafi yana shekara uku. Ban ga laifinta ba. Abin da ban yafe ba shi ne a ce mijin da ta aura bayana, mai gyaran agogo, mutumin da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, shi ya riƙe ɗana.

Zan gaya miki abin da na yi, kada ki yi mini wa'azi. Ya zo ne da niyyar mako uku, da tikitinsa na komawa. Na ce ya kawo in adana masa, na sa a gwangwanin maganina. Ba ni da niyyar mayar masa. Na roƙi manajan garejinmu ya gwada shi aiki. Jinina ne, a gefena ya kamata ya tsaya, ba a shagon da ake tsintar ƙusa da hantsaki ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Saƙonki ya iso, faɗan ma ya iso, na kuma karanta har ƙarshe. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi.

Akwai abin da yaron nan yake yi da ya fara ba ni haushi. In magana ta tsaya masa, sai ya ajiye duk abin da ke hannunsa, ko cokali ne, ya shimfiɗa tafukansa biyu a kan tebur, ya saki numfashi, ya jira. Ba ya runtse ido, ba ya buga ƙafa kamar ni. Na tambaye shi wa ya koya masa wannan zaman na masu jiran a yanke musu farce. Ya ce mai agogo ne. Wai tun yana ƙarami, in ya zo faɗin wani abu, mutumin yakan cire gilashin da ke idonsa, ya ajiye sukundireba, ya ɗora hannu a tebur, ko da mai kaya na tsaye yana jira. Bai taɓa ƙarasa masa kalma ba. Wai yakan ce duk agogon shagon nan nasu ne, ba mai koransu. Shi yaron kwaikwayo kawai ya yi, har abin ya zama nasa.

Na ce a raina, wannan gatan shago ne, gareji zai warware shi.

Ranar Alhamis aka kawo tankin mai ya tsage. Manajanmu, wanda muke kira Kunama a bayan idonsa, ya ce yaron ya liƙe shi. Yaron ya sunkuya, ya shinshina, ya miƙe ya kashe injin walda. Kunama ya ce wa ya ba shi izini. Yaron ya buɗe baki, maganar ta ƙi. Sai Kunama ya juya ga ma'aikata ya ce, ku zo ku tura shi ko zai tashi, batirin gidan nan duk a mace yake, uban ma sai da turi. Aka kwashe da dariya.

Yaya, ban san lokacin da guduma ta zo hannuna ba. Kunnena ya toshe, ƙeyar Kunama kawai nake gani. Taku uku ne tsakaninmu.

Sai na ga yaron ya ɗora hannuwansa a kan teburin aiki, cikin baƙin mai da garin ƙarfe. Jijiyar goshinsa ta tashi kamar ta Baba, wuyansa na rawa, wato wutar tana nan, irin tawa ce. Amma ya tsaya. Dariyar ta yi ta yi har ta gaji ta mutu don kanta. Sannan ya ce, a hankali, ba a wanke tankin ba, akwai sauran mai a ciki. Wani ya zura sanda, ta fito a jiƙe. Kunama bai ce sannu ba, ya dai tuna yana da waya a ofis.

Yaron ya zo ya zare gudumar daga hannuna ya rataye ta a ƙusarta. Ya koma wurin tankin. Da ya makara kaɗan, ko da ya yi irin nawa, da daga kurkuku za ki samu wannan takarda.

Shekara hamsin ina cewa halinmu zanen dutse ne. To ga dutsen, an yi masa wani zanen. Ban san inda zan sa kaina ba. Kunama ya aiko a ce yaron ya ci gwaji, ya fara aiki ranar ɗaya ga wata. Tikitin yana nan a gwangwani, saura kwana biyar ya mutu.

Naki,
Auta

Zuwa ga Malam mai gyaran agogo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Ka gaishe da mahaifiyar yaron, in gaisuwata ba za ta ɓata mata rai ba. Yayata ce za ta kawo maka wannan, ta waya zan tura mata hotonta. Na zaɓi takarda don a takarda ba na in'ina.

Ban taɓa ƙaunarka ba, kuma ba zan ce yau na fara ba. Amma ni ba na cin haƙƙin ma'aikaci. Na ba yaron nan tsayi da murya da wutar ƙirji, abin da aka ba ni ke nan. Kai ka ba shi wurin ajiye su. Ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba don a yi tir, ni yau da godiya nake faɗa.

Na ɓoye masa tikiti. Jiya da safe na fito da shi na gaya masa gaskiya. Ya ce ai ya gani tun ranar da na aike shi ya ɗauko mini magani, jira yake in ba shi da hannuna. Wannan ma aikinka ne. Na ce ga aiki a nan, ga shago a can, ya zaɓa. Ya ce idonka ya fara rauni, akwai agogo goma sha ɗaya da ke jiransa. In yana zancenka, Baba yake cewa, kalmar kuma ba ta tsaya masa ko sau ɗaya. Na lura. Ya yi mini ciwo, amma daidai ne.

Yau na raka shi tasha. Direba na ta danna ham, fasinja na ƙorafi, sai ya ajiye jakarsa ya ɗora hannu biyu a kan bencin jira. Na gane da ni yake. Ƙafata ta so tafiya, bakina ya so ƙarasa masa. Sai na ajiye ledar da ke hannuna, na ɗora nawa hannuwan kusa da nasa, baƙaƙe, duk tabon wuta. Ban san minti nawa muka yi ba, kai ne mai agogo. Kalmar Baba dai ta fito, kuma na ji ta tun daga farkonta har ƙarshe.

Motar za ta iso muku jibi da hantsi. Ka sa a tarye shi, jakar tana da nauyi, na sa masa fitilar aiki mai ƙarfi saboda idonka.

Wassalam,
Mahaifinsa na farko