Baba Ya Ga Sani a Tele

Ƙonni, daren Talata

Yau Baba ya ga Sani a tele, kuma na rasa yadda zan fassara abin.

Tun da ƙanen nan nawa ya bar shagonmu ya tafi Yamai wasan kwaikwayo, Baba ya hana a ambaci sunansa a gida. Wannan wasa ya ƙare a sa shi cikin wancan, duk Ƙonni an san shi, direbobin Illela ma da sunansa na wasa suke tambayata lafiyarsa. Baba kuwa ko inda tele take ba ya duba.

Bayan magariba na raka shi duba Alhaji Mamman da ke kwance. Muna zama sai ga Sani a telen ɗakin, durƙushe gaban wani tsoho, yana kuka yana cewa, "Baba, ka gafarta mini." Na zabura zan kashe. Baba ya ce, "Bar shi."

Ya kalla har ƙarshe. Da muka iso ƙofar gida sai ya tambaye ni.

"Wanga tsoho, wane ne?"

"Ɗan wasa ne, Baba, kamar shi."

"Ya yi saurin yahe mishi." Sannan ya ce, "Yaron ya rame."

Ya shige ɗaki. Fushi ne ko tausayi? Inna ta ce ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Gobe Sani zai kira ni a telesantar, shagon buga waya, yana son ya ji ko ya zo gida Babbar Salla. Me zan gaya masa? In ce Baba ya ce ya rame?