Baba, Albasarka Ta Ruɓe A Hannuna

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara biyu da rasuwarka sai yau na iya rubuto maka, kuma ba labari mai daɗi na zo da shi ba.

Ka san noma nake karantawa a jami'a. Bana aka tura mu wata shida mu koyi aiki da hannu. Abokaina suka nemi ofisoshi a Sakkwato, inda za a buga musu hatimi su koma gida su miƙe ƙafa. Ni kuwa na ce garkarka ta Gidan Katta da ke Illela zan riƙe, har ina hura hanci wai mutane za su ga noman zamani.

Albasa ta yi, Baba. Wallahi ta yi.

Sai malamin da ke duba aikinmu ya bugo waya, ya ce jibi yana tafe Illela. Albasar kuwa na cire ta, amma kwananta biyu kacal a shanye. Ni kuma na ƙwallafa rai ya tarar da ita jibge a rudu, rumfar da ake adana albasa, ya ɗauki hoto. Na yanke ganyen, na kwashe ta kaf na zuba.

Na tuna yadda kake tsugunawa kana murza wuyanta da yatsa biyu, kana ce mini, "Taho ka taɓa ka jiya, in da sauran ruwa ba a kai ta rudu." Ni ko ina tsaye ina latsa waya, in ce maka ai za a koya mana a makaranta. Ko sau ɗaya ban tsuguna ba.

Malamin bai yi minti goma ba. Ya ɗauki hoto, ya sa hannu a littafina, ya yaba, ya ja mota.

Mako uku wari ya tashi. Na cusa hannu tsakiya, na zaro shi jiƙe da baƙin ruwa. Wannan albasar ce hatsin gidanmu na shekara. Inna tunkiyarta kawai ta sa aka kai kara aka sayar. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Jiya sakamako ya fito. Ni na fi kowa maki a ajinmu. Kaico! Kunya ta hana ni faɗa wa Inna, kuma baɗi ban san wa zan tambaya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba Inna haƙurin zama da ni. Ka yafe mini, Baba.

Ɗanka,
Nasiru