Mako Shidan da Na So In Kwanta

Talata, 2 ga Satumba

Bismillah. An sa ranar aiki, sha biyar ga wata. Mahaifar za a cire gaba ɗaya, ƙarin da ya fito a cikinta ya yi girma. Ban ji tsoron da na zata ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai, Allah Ya yafe mini, shi ne Auta za ta zo. Tun watan jiya ta ce in dai aiki za a yi, za ta ɗauki hutun mako shida ta yi jinyata, don ta tuna irin kwanciyar da yayata ta sha lokacin nata aikin. Shekara uku rabona da 'yar nan tawa sai dai a waya. Ina dawowa na cire labulen ɗakinta na wanke.

Alhamis, 4 ga Satumba

Likita ta nuna mini hoton abin da za a yi aikin da shi. Na'ura ce mai hannu huɗu, sirara. Ita likitar za ta zauna a gefe cikin ɗakin, ta kafa kai a wani madubi mai ƙara girman abu, tana juya hannuwan da yatsunta. Har da abin takawa da ƙafa, kamar keken ɗinkina. Na faɗa mata haka, ta yi dariya ta ce ashe sana'armu ɗaya.

Na ce in ƙarfen nan ya ga damar yin gaban kansa fa? Ta ce, "Mama, ba shi da kai. In na ɗaga fuskata daga madubin, ko motsi ba ya yi."

Ba za a tsaga cikin ba. Huji huɗu, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba. Zubar jini kaɗan. In komai ya tafi daidai, kwana ɗaya ko biyu in koma gida, bayan mako biyu in ci gaba da 'yan hidimomina, ban da ɗaga abu mai nauyi. Na tambayi sujada, don Yaya wata biyu ta yi tana salla a zaune. Ta ce da wuya in daɗe haka.

Na yi hamdala, da gaske na yi. Sai a hanya na tuna da mako shidan.

Asabar, 6 ga Satumba

Auta ta kira. Ta ce ta miƙa takardar hutu, kuma za ta haƙura da kwas ɗin ƙarin girma da ta yi shekara biyu tana jira a wurin aikinsu, don ya faɗo cikin lokacin. "Wani kwas ɗin zai zo, Umma. Uwa fa guda ce." Na ce Allah Ya yi miki albarka. Ban faɗa mata zancen na'urar ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yaya ta zo, na ba ta labarin na'urar. Ta ce, "Ni an farke ni kamar buhu, ke za a huda ki kamar kunne. Dama tun muna yara komai mai sauƙi naki ne." Da na faɗa mata damuwata ta ce in ja bakina in yi shiru. "Ƙarya kika yi? Ita ta ƙirga makonninta. In ta zo ki kwanta ki riƙa nishi, ni zan koya miki, na ƙware."

Na yi dariya har marata ta amsa. Amma ni da ko ƙyallen da ya rage a ɗinki sai na naɗe na mayar wa mai shi. Tun muna gaban allo aka koya mana cewa mai ɓoye aibin kaya ya yi ha'inci ko bai buɗe baki ba.

Laraba, 10 ga Satumba

An ɗebi jini. Kafin in fita na ce wa likita, in mutum ya fi son irin aikin da, na tsagawa fa? Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Me ya sa, Mama?" Na tsaya ina gyara mayafi. Wai ni ce yau nake neman a yanka ni don in samu mai zama kusa da ni. Astagfirullah.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na faɗa wa Auta. Bayan la'asar, a tsaye, don kada in zauna in fasa. Huji huɗu, kwana biyu, komai, har da cewa na sani tun makon jiya.

Ta ce, "Umma, ashe zan iya yin kwas ɗin." Na ji yadda muryarta ta saki. Kwana shida za ta yi. Sai ta kawo zancen da ta saba, wai ni ma in je, ɗaki na nan a share. Na ba ta amsar da na saba, nisa da ɗinkin mutane, kuma ɗa ne ke zuwa wajen uwa.

Zuciyata ta yi sauƙi. Idona ne dai bai ji ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Ina gida. Abin da na iya tunawa, fitilu, da hannuwan nan a naɗe cikin leda, ina karanta abin da ya zo bakina. Na farka na ga Auta, ta rame kaɗan. A ranar da yamma aka tashe ni na taka har ƙarshen baranda, tana riƙe da ni. Kafaɗata ce ta fi damuna, wai iskar da aka hura a cikin ce. Filasta huɗu ƙanana. Yaya ta ɗaga rigata ta duba ta ce, "Wannan ai cizon sauro ne, ku tashi ku ba ni wuri."

Juma'a, 19 ga Satumba

Da tsagawa aka yi, da yanzu ina kwance Auta tana juya ni. Ga shi muna zaune a ɗakin ɗinki tun safe, tana warware mini zare tana ba ni labarin wurin aikinta, da makwabciyarta mai kyanwa uku, da tagar ɗakinta da rana ke shigowa da hantsi. Ban taɓa tambayarta yadda gidanta yake ba. Shekara uku.

Na auna ta. Ƙugunta ya ragu da inci biyu.

Asabar, 20 ga Satumba

Ta tafi. Ban cire zanin gadonta ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Yau na kai goshina ƙasa, na daɗe ban ɗago ba. Na hau keken ɗinki kaɗan, na haɗa rigar Auta.

Talata, 7 ga Oktoba

Likita ta duba ta ce komai ya yi kyau. Na tambaye ta ko mai irin aikina zai iya doguwar tafiya. Tambaya ce kawai. Ta ce nan da mako biyu, in dai zan riƙa miƙewa ina taka ƙafa a hanya, kuma wani ya ɗaukar mini kaya.

Na sa Yaya ta sauko mini da akwatin da ke kan kabad, ya yi ƙura. Ta ce ina zuwa? Na ce kakkaɓewa zan yi.

Rigar Auta ce dai ban gama ƙugun ba. Ba na son in datse a kan awo kawai, riga sai an gwada ta a jikin mai ita. Na ninke ta na sa a ciki, da almakashi da allurai, don kada su ɓata.