Ɓeran da ke Tafin Hannuna

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya sabuwar makarantar? Yaya ciwon ƙafar nan da yake sa ki koyar a zaune? Allah ya ƙara sauƙi.

Wataƙila kin manta ni. Ni ce ta bencin baya kusa da taga, wadda ta miƙe a darasin Turanci ta karanta wa aji cewa moose ya ɓuya a cikin takalmi. Kowa ya yi dariya, ban da ke. Da aka tashi kika kama hannuna, kika zana mini ɗan ɓera da biro a tafin dama, kika ce shi ne mouse. A hagu kika zana wani ƙato mai ƙaho kamar rassan itace, kika ce shi ne moose, a ƙasashen sanyi yake, ko ƙofar ajinmu ba zai shiga ba balle takalmi. Tun daga nan kike kirana 'Yar Ɓera. Ranar ko sabulu ban yarda ya taɓa hannuna ba.

Malama, 'yar kawuna da ke zaune gidanmu a ajinki take yanzu. Shekaranjiya ta dawo tana ɗaga hannuwa sama kamar wadda ta ƙone. Mama ta ce ta yi wanke-wanke, ta ce ita fa Malamarta ta yi mata zane. Na leƙa. Ɓeran nan ne, har da wutsiyarsa da take zagaye babban yatsa. Wai kuma ita ma 'Yar Ɓera kike ce mata.

Ni na yi wanke-wanken. Na dirji tukunya har Mama ta tambaye ni me ta yi mini.

Na san ba laifinki ba ne, ɗalibanki da yawa. Ita ma ba ta da mugun hali, surutu ne kawai. Amma ita ko'ina tana da masu kiran ta, ni kuwa tunda kika tafi sai "ke ta baya" ake ce mini. Na ɗauka sunan nan nawa ne ni kaɗai.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ci gaba da yi mata zanen, amma ki ba ta sunan mai ƙahon. Ya ma fi dacewa da ita, ta fi ni tsawo, kuma ba ta taɓa ɓuya ba a rayuwarta.

Ita za ta miƙa miki wasiƙar nan, na liƙe ta sosai. In ba ki yi fushi ba, ki ba ni izini in sake rubuto miki. Ba sai kin rubuta amsa ba. Duk sunan da ta dawo da shi gida, zan gane.

Ki gaishe da mutanen gida.

Ɗalibarki,
'Yar Ɓera ta farko