Zumar da Ba Ta Harbi

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zama a bakin ƙofa tana yi wa masu wucewa faɗa, ka kuwa san in ta fara faɗa lafiya ta samu. Auta ta zo hutu daga kwaleji, duk ta rame, wai karatu ne.

Na ga saƙonka cewa kana so ka turo babban ɗanka ya koyi kiwon zuma a wurina. Na ji daɗi, amma kada ka turo shi. Ba abin da zai tarar.

Ka san yadda na fara, da akwati ɗaya da na harhaɗa da ragowar katakon kafinta, ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Ka kuma san abin da ya fitar da sunana: zumata ba ta harbi. Shekara da shekaru, duk amyar da na ga tana da sanyin hali daga ita nake raba sabuwa, masu faɗa kuwa in tura su can ƙarshen fili bayan itatuwa. Har ta kai ina buɗe akwati daga ni sai singileti, ba hayaƙi, ba raga a fuska, baƙi na tsaye suna ɗaukar hoto. Saƙar zuma kuwa har karyewa take don nauyi.

To tun bara rina ta shigo mana, manyan nan. Sai su tsaya a ƙofar akwati suna cafke masu dawowa daga furanni, nawa masu sanyin kuwa ko taruwa ba sa yi. In amya ta yi rauni sai kwarkwasa ta shiga ta kwashe 'ya'yan. Na rataye tarkon kwalba, na ƙuntata ƙofofi, na shafa baƙin mai a ƙafafun tebura, na bi sheƙar rinar na ƙona. Kullum dai sai in buɗe wani akwatin in tarar da baƙar saƙa da tsutsa da wari.

Waɗanda na wulaƙanta bayan itatuwa su ne ba abin da ya same su. Rina na sauka za su rufe ta har ta mutu. Sai dai zumarsu duka ba ta cika bokiti. Auta ta ce ai haka abin yake ga kowace halitta, wanda ya tsaya gadi bai je ɗebo ba, kuma wai ni ne na sallami masu gadi don in ƙara lebura. Na ce mata lokacin da na sallame su babu ɓarawo a garin, ta je ta gaya wa malamanta. Har yanzu ban ce na yi kuskure ba. Da zumar nan Auta take karatu, kai ma da ita ka yi.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Gari ya cim mana, an gina makarantar yara jikin katangar baya, daf da masu faɗan. Tunda rina ta hana su sakat, kowa ya gifta abokin gaba ne. Sun bi yara lokacin hutun ƙarfe tara, wata yarinya sai da aka kai ta asibiti, fuska a kumbure. Na je na duba ta, ban iya haɗa ido da uwarta ba. Shugaban makarantar ya zo da wani daga hukuma, cikin ladabi, suna ta Baba, Baba. Suka ce kafin a dawo hutu ko in kwashe su ko in ƙona. Na zagaya manoma ina neman inda zan ajiye su, kowa ya ce yana da yara da dabbobi. Mai motar da ke min dako ya ce shi ma yana son fuskarsa.

Ka ga ke nan masu iya rayuwa zan ƙona, in bar waɗanda ba za su kai damina ba. Ba zan sa kowa ba, da hannuna zan yi. Ɗazu na buɗe amyar da na fi ji da ita cikin masu sanyin. Rina na ciki tana ɗiba, su kuma suna yawo a bayan hannuna kamar ba abin da ke faruwa. Na daɗe a tsaye. Wallahi so na yi ko ɗaya ta harbe ni.

Inna ba ta sani ba, in kun yi waya kada ka ɗauko zancen. Tana gaishe ka, maman yara da Auta ma haka. Ka gaida mai ɗakinka da Kawu in ka leƙa shi. Ka ba yaron haƙuri, ka nema masa sana'ar da ke da gobe.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Mai Zuma